Kujerar Janar a Sararin Samaniya da Hanyar Kucheri

Tun da Gwamna Dauda Lawal ya fito a watan Satumban 2025 ya ce ya san maɓoyar manyan 'yan bindigar Zamfara, har yana iya nuna inda suke a wayarsa, tsohuwar gardama ta sake tashi a tashoshin mota na Gusau da Tsafe da majalisun Bunguɗu. Idan gwamna yana gani a waya, sojoji fa? Ina tauraron ɗan Adam ɗin da aka ce Najeriya ta mallaka? Mutumin Kucheri ya fi kowa cancantar yin wannan tambaya, domin garinsa yana kan titin Funtuwa zuwa Gusau, kusa da Wanzamai da Magazu, inda direba ke duba rana kafin ya duba fasinja. Kuma tambayar tana da adireshi. Akwai hukuma guda a Abuja, ƙarƙashin Hedikwatar Tsaro, wadda aka kafa domin harkar tsaro ta sararin samaniya, kuma manyan hafsoshin sojin sama sun sha hawa kujerarta.

Alaƙarmu da samaniya ta girmi hukumar nesa ba kusa ba. Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik a 1957, Amurka ta shiga tsere, kuma a farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta kafa tashar bin sawun kumbo a Kano. Lokacin da John Glenn ya zagaya duniya a 1962, Kano na cikin tashoshin da suka bi shi. A watan Agustan 1963 Shugaba Kennedy ya yi magana ta waya da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, ta hannun wani jirgin ruwan Amurka da ya tsaya a tashar Legas. Duk wannan kayan baƙi ne, mu masaukin baƙi. Rundunar sojin sama kanta sai a 1964 aka kafa ta, da taimakon Jamus ta Yamma, kuma shekaru da dama hankalinta bai wuce gajimare ba. Yaƙin basasa, juyin mulki, ƙarancin kayan gyara, waɗannan ne suka cinye lokacinta.

Sai a 1999 gwamnati ta kafa NASRDA, hukumar sararin samaniya ta farar hula, da Farfesa Robert Boroffice a matsayin shugabanta na farko. A watan Satumban 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk a Rasha. Kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi. An yi ta murna, kuma ya yi abin a yaba masa a 2005 da ya ɗauko hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka. Amma kowane ɗigo guda a hotonsa faɗin mita 32 ne a ƙasa. Wato yana ganin ambaliya da gonaki da yadda hamada ke matsowa, ba ya ganin gida ɗaya, balle mutum. NigComSat-1 na sadarwa, wanda Sin ta harba a 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar faifan da ke tara masa hasken rana, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamban 2011. A ranar 17 ga Agustan 2011 kuma aka harba guda biyu tare daga Yasny a Rasha: NigeriaSat-X, wanda injiniyoyinmu suka haɗa da hannunsu a Surrey, da NigeriaSat-2, mai kaifin ido har mita 2.5, wanda aka tsara zai yi aikin shekara bakwai. A riƙe wannan lissafin, domin shekara bakwai daga 2011 ita ce 2018, daidai lokacin da wutar Zamfara ta kama ganga-ganga.

Sojoji ba su shigo da gaske ba sai da aka ji kunya. A watan Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga Chibok, Najeriya ta koma tana jiran jiragen leƙen asirin Amurka da hotunan ƙasashen waje kafin ta leƙa dajin Sambisa. A wannan shekarar ce, zamanin da Iya Cif Mashal Alex Badeh yake Babban Hafsan Tsaro, aka ɗora tubalin sashen samaniya na soja. Majalisa ta yi masa doka a 2016, Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a farkon 2017, aka samu Hukumar Tsaron Sararin Samaniya, DSA, da ofishinta a Lugbe, maƙwabtaka da NASRDA. Wanda ya raine ta tun tana jaririya hafsan sojin sama ne, Iya Bayis Mashal Tommy Udoh, muƙamin da ya yi daidai da Manjo Janar a sojin ƙasa. Badeh kansa bai ga girmanta ba: ya sauka a 2015, ya shiga shari'a da EFCC, kuma a Disamban 2018 'yan bindiga suka kashe shi a hanyar Keffi yana dawowa daga gonarsa.

Bayan Udoh kujerar ta shiga yawo. Manjo Janar Emmanuel Whyte na sojin ƙasa ya riƙe ta, hafsoshin ruwa suka karɓa, ta sake dawowa wa sojin sama. A tsakiyar 2023, cikin sauye-sauyen da suka biyo bayan naɗin Hasan Abubakar a matsayin Hafsan Sojin Sama, aka tura Iya Bayis Mashal Ahmed Shinkafi can, suna da ba baƙo ba ne a kunnen Bazamfare. Ba a jima ba Iya Bayis Mashal Lanre Oluwatoyin ya gaje shi. A ƙasa da shekara goma, shugabanni sun wuce biyar.

A nan nake ganin matsalar take, kuma na san akwai masu wasu bayanan. Wasu sun ce kuɗi ne kawai: a sayo tauraro mai kaifi, magana ta ƙare. Wasu kuma, kuma su ne suka fi yawa a yankinmu, sun ce ana gani sarai, ƙin zuwa ake yi, domin akwai masu ci da rikicin. Ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a na biyun ba. Duk wanda ya tuna yadda aka naɗa madugun 'yan bindiga Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani a 'Yandoto a Yulin 2022, da rana tsaka, a gaban jama'a, ya san ba kullum ɓuya ce ke kare ɗan bindiga ba. Sai dai duka bayanan biyu sun ɗauka tauraro ido ne da ke buɗe a kan Kucheri dare da rana. Ba haka yake ba.

Tauraron ɗaukar hoto irin NigeriaSat-2 yana gudu ne a nisan kusan kilomita 700 daga ƙasa, yana cin fiye da kilomita bakwai a daƙiƙa guda, yana zagaye duniya cikin ƙasa da minti 100. Wucewarsa ta kan Tsafe ƙiftawar ido ce, da hantsi, sannan sai bayan kwanaki ya sake samun damar kallon wuri ɗaya. Da damina gajimare ya rufe, da hunturu hazo ya dusashe, da dare babu haske. Babur kuwa bai cika ɗigo guda ba a hoton mita 2.5, ga duhuwar itatuwa a dazukan Munhaye da Rugu. Shi kuwa NigComSat da ke tsaye wuri guda, yana can nisan kilomita 36,000 ne, aikinsa kai saƙo, ba kallo ba. Abin da tauraro ya iya shi ne aikin haƙuri: ya nuna sabuwar turba da ta bayyana a daji, sababbin bukkoki, ramukan haƙar zinariya da suka ƙaru, mashayar da garke ke taruwa. Irin wannan hoton ba ya magana da kansa. Yana buƙatar mutumin da ya shekara goma yana kallon dajin nan ɗaya, ya san bambancin rugar makiyayi da dabar ɓarayi, sannan yana da lambar kwamandan da ke Tsafe.

Wannan mutumin shi ne tsarinmu bai gina ba. Dubi Amurka, wadda muke yawan kwaikwayo. Janar John Raymond ya shiga sojin sama a 1984, ya fara a ramin makamai masu linzami, ya yi kusan dukan rayuwarsa ta aiki a harkar samaniya, kafin a Disamban 2019 a kafa rundunar samaniya mai zaman kanta a ɗora shi a kanta. Su sun fara tara ma'aikata da kayan aiki na shekara da shekaru, tun kafin yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya nuna wa duniya amfanin GPS a fagen fama, sai daga baya suka sassaƙa kujerar. Mu kujerar muka fara sassaƙawa. Hafsan da ake turawa DSA yakan zo ne daga tuƙin jirgi, ko injiniyanci, ko sadarwa, sau da yawa yana dab da ritaya, ya yi shekara ɗaya ko biyu ya wuce. Ba rashin ƙwarewar mutanen ba ne. Kamar a riƙa canza wa gona manomi ne kowace damina, sannan a tambayi dalilin da ya sa babu wanda ya san inda ruwa ke kwanciya.

Matakan da aka ɗauka a Zamfara su ma shaida ne. Bayan sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a samaniyar jihar, abin da ke nuna ana zargin akwai masu shiga da fita ba a gan su ba. A Yulin shekarar 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet, matuƙinsa Abayomi Dairo ya yi tsalle da laima ya tsira. A Satumba aka datse layukan waya a faɗin jihar. Wanda yake gani da kyau ba ya toshe kunnen kowa da kowa don ya kurmantar da ɓarawo. Mafi ciwo kuma, inda aka gani amma aka kasa fassarawa: Mutumji a Disamban 2022, Tudun Biri ta jihar Kaduna a Disamban 2023, inda jirgi mara matuƙi na sojin ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi, da Tungar Kara a Janairun 2025, inda aka ɗauki 'yan sa-kai a matsayin maharan da suke bi. Mutane suka gudu daga gara suka faɗa gidan zago. A dukan wuraren nan akwai ido a sama.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa da sababbin taurari huɗu, uku na hoto, ɗaya na rada. Na radar nan shi ne ya fi shafar Kucheri, domin yana aika nasa igiyoyin ne ya karɓi amsarsu, don haka gajimare da dare ba sa hana shi aiki. Amma shi ma wucewa zai riƙa yi kamar sauran, kuma hotonsa ya fi na kyamara wuyar karantawa, sai wanda aka horar shekaru a kansa. Ƙera tauraro irin wannan da harba shi yakan ɗauki shekara uku ko fiye. A yadda kujerar DSA ke juyawa, hafsan da ya sa hannu a takardar buƙatarsa ba shi ne zai karɓi hoton farko ba, kuma da wuya ma ya zama magajinsa ne.