Tarihin wannan mako: Farfetuwa da duhun kurkukun Kartaj

Yau za mu leƙa birnin Kartaj, wanda kangonsa ke kusa da Tunis, babban birnin Tunisiya. A shekara ta 203 miladiyya birnin yana ƙarƙashin daular Rumawa, zamanin sarki Seftimiyus Seberus. A nan aka kama wasu sababbin Kiristoci, cikinsu har da Farfetuwa, 'yar gidan manya mai kimanin shekara 22, da jariri a hannu, da kuma wata baiwa mai ciki, Filisitas.

Farfetuwa ta rubuta labarin tsare ta da harshen Latin, kuma yana cikin rubuce-rubuce mafi daɗewa da wata mace Kirista ta bari. Abin lura shi ne ba ta ɓoye tsoronta ba. Ta faɗa cewa ranar da aka jefa su kurkuku ta firgita, domin ba ta taɓa ganin duhu irin wannan ba. Ga zafi saboda cunkoso, ga sojoji suna tatsar fursunoni, ga tunanin ɗanta da yunwa ta galabaita.

Masu hidimar ikilisiya biyu suka biya kuɗi aka ba su 'yan sa'o'i a sashe mai dama, ta samu ta shayar da yaron. Daga baya aka yarda ya zauna tare da ita. Hankalinta ya kwanta, har ta kwatanta kurkukun da fada.

Mahaifinta, wanda ba Kirista ba ne, ya yi ta roƙonta ta ja da baya. Ta nuna masa tulun ruwa, ta tambaye shi ko za a iya kiransa da wani suna dabam, ta ce haka ita ma sunanta Kirista. A gaban shari'a mai mulki Hilariyanus ya umarce ta ta yi hadaya domin lafiyar sarakuna, ta ƙi. Aka yi wa tsohon duka da sanda a kan idonta, ta ce ta ji zafin kamar a jikinta. Hukunci ya fito: a jefa su ga namun daji.

Ita kuwa Filisitas, dokar Rumawa ta hana kashe mai ciki. Ta haihu a wata na takwas, kwanaki kaɗan kafin ranar hukunci. Tana cikin naƙuda wani mai tsaro ya yi mata ba'a, wai idan wannan ya sa ta kuka, ina ga namun daji? Ta amsa masa cewa wahalar yanzu tata ce, amma a fili Almasihu zai kasance a cikinta, ya sha wahalar dominta. Wannan amsa ita ce zuciyar labarin: a bangaskiyarsu, duk inda za su shiga Ubangiji yana tare da su.

An kashe su a dandalin wasa na Kartaj, kuma har yau ikilisiyoyi da dama suna tunawa da su ranar 7 ga Maris. Rubutun Farfetuwa ya tsaya ne ana jajibirin ranar, wani ya ƙarasa labarin.

Mu da muke koyon alƙalami, darasi na nan. Da Farfetuwa ta rubuta cewa ba ta taɓa jin tsoro ba, da wuya mu gaskata ta. Ta fara nuna mana duhun, da yunwar jaririn, da furfurar uban, shi ya sa natsuwarta ta yi nauyi. Duk wanda zai rubuta labarin bangaskiya a wannan mako, ya bar jarumarsa ta yi rawar jiki tukuna.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.