Daga Kwance Zuwa Gwanjo: Tarihin Kayan da Muka Daina Amfani da Su

Yau hirar tamu a kan tsofaffin kaya ce, riga da zane da bargo da kwanukan da gida ya daina amfani da su. Tambayar da nake so mu bi ita ce, ta yaya rigar sanyin da wata Baturiya ta bayar kyauta a Landan take ƙarewa a shimfiɗe a kasuwar Sara ta Gwaram, ana cinikinta da kuɗi?

Bari mu fara daga gida. Tun kafin mu san gwanjo, Bahaushe yana da kwance. Wa ya ba ƙane rigarsa, uwar ɗaki ta ba 'yar ɗakinta zane, attajiri ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa baransa. Wanda aka ba ya san hannun da ya ba shi, mai bayarwa kuma yana jin kunyar ya miƙa tsumma, domin gobe za su haɗu a masallaci ko wajen suna. Abin da ba a bayar ba, sai a kira dillaliya. Ita ce ke shiga gida-gida, ta karɓi atamfa ko kwalla ko tasa daga wannan ɗaki ta kai wancan, ta ci la'adarta, ba tare da ta tona asirin wadda ta sayar ba. A lokacin, tufa dukiya ce da muke yi da hannunmu. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana saƙa ana rini, ana kai tufafin har Timbuktu da Tarabulus.

To, a can ƙasashen Turawa abin ya ɗauki wata hanya. A 1902 wani limamin coci a birnin Boston na Amurka, Edgar Helms, ya riƙa bin unguwannin masu hali yana tara kayan da suka gaji da su. Ya ɗauki talakawa aikin gyara su, a sayar a biya su lada. Daga nan aka samu ƙungiyar Goodwill. A Ingila kuma, a 1942 aka kafa wani kwamiti a birnin Oxford don agaza wa mutanen Girka da yunwar Yaƙin Duniya na Biyu ta galabaita. Shi ne ya zama Oxfam, wadda a ƙarshen 1947 ta buɗe shagonta na farko a titin Broad Street. Ka kawo abin da ba ka so, a sayar da araha, kuɗin ya tafi agaji.

Sai dai fa tufafi sun yi arha a can, mutane suna saye suna zubarwa, har kayan da ake kawowa suka fi ƙarfin shagunan. Abin da bai samu mai saye ba, sai a sayar wa kamfanoni a kan kilo. Su kuma su tantance, su matse a dila, su loda a jirgin ruwa. Daga wannan gaɓar sadaka ta ƙare, kasuwanci ya fara.

A kudancin Najeriya ana kiran kayan okirika, sunan wani gari na bakin ruwa a Jihar Ribas. Mu kuma muka ce gwanjo, kalmar da asalinta ke nufin cinikin wa-ya-fi-tayi. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, shekara da shekaru tsofaffin tufafi suna cikin jerin kayan da dokar kwastan ta hana shigowa da su. Shi ya sa dila ke sauka a Kwatano ko Lome, wata ta biyo ta Nijar, ta Maraɗi, ta tsallako zuwa Kano. A Ƙofar Wambai ake fasa da yawa, 'yan sari su kwaso zuwa kasuwannin mako irin na Birnin Kudu da Sara. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mai saye da mai sayarwa duk sun ji a jikinsu.

A daidai shekarun da gwanjo ke ƙara yawa, masaƙunmu suna mutuwa. Masaƙar Kaduna ta KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Ban ce gwanjo ne kaɗai ya kashe su ba. Akwai rashin wutar lantarki, akwai tsadar kayan aiki bayan tsarin SAP na 1986, akwai fasa-ƙwaurin yadi mai arha daga Asiya. Amma da wuya masaƙa ta yi gasa da rigar da mai ita ya bayar kyauta. Kuma akwai siyasa a ciki. Da ƙasashen Gabashin Afirka suka yanke shawara a 2016 cewa za su daina shigo da gwanjo, Amurka ta matsa lamba, sauran suka ja da baya. Ruwanda ta kafe, sai a 2018 aka dakatar da rangwamen harajin da tufafinta ke samu a kasuwar Amurka. A Gana kuwa, ragowar da ba ta sayuwa a kasuwar Kantamanto ta Akara ita ke cika bola da bakin teku.

Ni dai ba na zagin ɗan gwanjo. Sana'a ce da ke riƙe da gidaje, kuma ba don ita ba da yara da yawa sun yi hunturu ba rigar sanyi. Abin da ke damuna shi ne akwatunanmu. Anko nawa muka ɗinka muka sa sau ɗaya? Kwanukan kayan ɗaki nawa ne ke jere, shekara goma ba a ci tuwo a ciki ba? A 2022 Jigawa na cikin jihohin da ambaliya ta fi yi wa ɓarna, mutane sun kwana a ajujuwan makaranta ba tabarma ba tukunya, alhali irin waɗannan kayan suna kulle a ɗakunanmu.

Tsari ba baƙonmu ba ne. Masarautar Dutse, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashinta, ta yi suna wajen tara zakka da rabawa ta hannun hakimai da dagatai, musamman zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi. Idan an iya tara hatsi gunduma-gunduma, to tara bargo da tukunya ba zai gagare mu ba. Ga abin da nake kira gare shi. Matasan kowace unguwa su samu ɗaki guda da sanin mai unguwa, a karɓi kaya sau biyu a shekara, kafin damina da kafin sanyi. A wanke, a ba telan unguwa ya gyara a biya shi, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Abin da ya yage ya wuce gyara kada a kawo, wannan ba kyauta ba ce, shara ce. Kuma a kai wa mutum cikin sutura, ba tare da an ɗauki hotonsa an watsa a Facebook ba. Dillaliya ma da take cin riba tana rufa asiri, balle mu da muke cewa don Allah muke yi.

Kafin Juma'a mai zuwa, kowa ya buɗe akwatinsa ya ware abin da ya shekara bai taɓa ba.