Daga Maɓallin Bugu zuwa Kwamfuta: Tarihin Saƙon Rubutu a Rediyon 'Yan Sha'awa

A ƙasashe da dama na duniya akwai mutanen da hukuma ke bai wa lasisin kafa 'yar ƙaramar tashar rediyo a gidajensu don su riƙa tuntuɓar junansu. Ba a biyan su, ba a kuma yarda su yi kasuwanci da tashar ba, shi ya sa ake ce da su 'yan rediyon sha'awa. Kowannensu yana da lambar kira wadda farkonta ke nuna ƙasarsa: ta Nijar da 5U take farawa, ta Nijeriya da 5N, ta Kamaru da TJ, ta Gana kuwa da 9G. Ban da magana da baki, suna aika saƙo a rubuce, kuma tarihin wannan ɓangaren tarihi ne na yadda na'ura ta yi ta karɓe aiki daga hannun mutum da kunnensa.

Tushen abin shi ne alamomin da Samuel Morse ya yi amfani da su a wayar tangarahu a Amurka a 1844, wato gajeren bugu da dogon bugu, kowane harafi da nasa tsarin. Da wayar iska ta fito, 'yan sha'awa suka gaji waɗannan alamomi. Kayan aikinsu a lokacin ba su wuce maɓallin bugu da na'urar aikawa da akwatin karɓa da eriya ba, kuma yawancinsu da hannu suke harhaɗa su. A 1912 gwamnatin Amurka ta yi doka ta tura su zango na mita 200 zuwa ƙasa, bisa zaton cewa wannan yanki ba shi da wani amfani. Ashe an yar da dukiya ne ba a sani ba. A watan Nuwamba na 1923 Léon Deloy a birnin Nis na Faransa da Fred Schnell a Amurka suka yi musayar saƙo a tsallaken tekun Atlantika a kan gajeren zango, bayan shekara biyu kuma, a 1925, aka kafa ƙungiyar 'yan rediyon sha'awa ta duniya a Faris.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai tsofaffin na'urorin buga saƙo na soja da na kamfanonin waya suka faɗo hannun 'yan sha'awa. Irin tafireta ce mai nauyi da ƙara, wadda idan an buga harafi a nan sai ya fito a takarda a can. Wannan hanya ita ce RTTY, tana kuma aika kalma kusan 60 a minti. Tsarin alamominta, wanda ke ɗauke da sunan Bafaranshe Émile Baudot, yana ba kowane harafi alama biyar, don haka gurbi 32 kawai ake samu. Babu ƙananan haruffa ke nan, balle a yi zancen ƙ da ɗ da ɓ. Bahaushen da zai aika "ƙafa" dole ya buga KAFA, ya bar wa mai karatu ya gane ma'ana daga jimlar.

Ƙananan kwamfutoci sun kawo wata hanya a 1978, lokacin da 'yan sha'awa na Kanada suka fara aika saƙo ƙunshi-ƙunshi, tasha tana miƙa wa tasha. Ta yi tashe a shekarun 1980, amma da intanet ta yaɗu sai kasuwarta ta ja baya.

Babban sauyi ya zo ne a ƙarshen 1998, sa'ad da Peter Martinez na Ingila ya fito da PSK31. Hikimarsa ita ce ya daidaita saurin saƙo da saurin yatsun mai bugawa, ya kuma ba haruffan da aka fi amfani da su a Ingilishi gajerun alamomi. Da haka saƙo ya zama siriri ƙwarai, har tashoshi masu yawa kan iya zama a filin da murya ɗaya take cinyewa. Kayan aiki ma suka ragu: rediyo, da kwamfutar gida mai katin sauti, da 'yar waya mai haɗa su, sai manhaja wadda kyauta ake samun ta. Mutum biyu kan yi hira a rubuce, kowa na ganin haruffan ɗan'uwansa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, har da kuskurensa da gyaransa.

Daga nan sai masana kimiyya suka shigo da ƙarfinsu. Joe Taylor na Jami'ar Princeton, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a fannin fiziya a 1993, ɗan rediyon sha'awa ne tun yana yaro. A 2001 ya fara rarraba manhajar WSJT don tsinto saƙo mai rauni, irin wanda ake cilla wa wata ya buge shi ya dawo ƙasa. A 2017 shi da Steve Franke suka fito da FT8. A wannan tsari tasha tana aikawa cikin daƙiƙa 15, ta saurara cikin daƙiƙa 15, saboda haka tilas agogon kwamfuta ya zama daidai. Manhajar tana iya karanta saƙon da ya nutse cikin shuuu ɗin rediyo, wanda kunnen ɗan Adam ba ya jin ko alamarsa. Wanda ke da ƙaramar rediyo da eriyar waya a bayan ɗaki sai ga shi yana isa wata nahiya.

Sai dai wannan nisa ba a banza aka same shi ba. Abin da tashoshi biyu ke musaya a FT8 bai wuce lambar kira da wurin zama da ƙarfin sigina da alamar sallama ta 73 ba, kuma duk a gama cikin minti ɗaya da 'yan kai. Wanda ya so ya rubuta nasa zance, gurbin harafi 13 kacal aka ba shi, ko cikakkiyar gaisuwar Bahaushe ta safe ba za ta shiga ba. Wannan ne ya raba kan 'yan sha'awa. Tsofaffin hannu, waɗanda suka sha wuyar koyon bugun Morse kafin taron sadarwa na duniya na 2003 ya cire wajabcinsa, suna cewa kwamfuta ce ke magana da kwamfuta. Masu goyon baya kuma suna cewa ba kowa ke da filin kafa doguwar eriya ko kuɗin babbar na'ura ba, ga shi kuma ba a bukatar jin harshen juna. Maganar ɓangare na biyu ta fi nauyi ga mai ƙaramin ƙarfi, amma ƙorafin na farko ma bai faɗi ƙasa ba, domin a 2018 wani Ba'amurke, Jordan Sherer, ya ɗauki tsarin FT8 ya gina manhajar JS8Call a kansa, musamman don a sami damar yin doguwar hira a rubuce.