Harsashi a Bakin Mashi: Yadda Makamin Kare Kai Ya Kusa Ƙarar da Wani Kifi a Ostireliya

A watan Disamba na shekarar 1963, wani matashi mai suna Rodney Fox yana cikin gasar farautar kifi da mashi a gaɓar Aldinga, a kudancin Ostireliya, sai wani ƙaton farin kifin shak ya cafke shi a haƙarƙari. Da kwana a gaba, aka tsamo shi da rai, amma sai da likitoci suka yi masa ɗinki 462. Labarin ya karaɗe ƙasar, ya kuma ƙara wa masu nutso tsoron da dama suke da shi.

Domin a gane wannan tsoro, sai an san yadda farautar take. Tun shekarun 1930 matasa a gaɓar tekun Bahar Rum ta Faransa suka mayar da nutso da mashi abin wasa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma bindigar mashi mai aiki da roba ta bazu har Amurka da Ostireliya. Mai farauta yakan riƙe numfashi ya nutsa, ya harbi kifi, ya taso. To amma kifin da aka soka yana zubar da jini yana fizge-fizge, wannan kuwa shi ne ke kiran kifin shak. Idan kifin ƙarami ne, wuƙa a ƙwaƙwalwa ta isa ta kwantar da shi. Idan ƙato ne fa, ko kuwa shak ɗin ne da kansa ya taso?

Harbin bindiga daga nesa ba ya aiki a nan, domin ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, harsashi bai yin nisa ƙarfinsa yake mutuwa. Sai aka ƙera wani ɗan guntun bututun ƙarfe mai ɗaukar harsashi ɗaya tak, ana ɗaura shi a bakin mashi ko a kan sanda. Ba ya tashi sai ya daki jikin kifin, harsashi da iskar fashewar su shige tare. Mu kira shi kan harsashi.

Abin da duka ke tayar da shi bai san kifi ba, bai san ƙafar mutum ko gefen kwalekwale ba. Shi ya sa aka yi masa ƙusar kariya, masu nutso kuma suka kafa wa kansu ƙa'ida: ba a sa harsashi sai an shiga ruwa, ba a zare ƙusa sai lokacin suka, ba a nuna abokin tafiya da shi, ba a kuma hawa jirgi da shi a ɗane.

Duk waɗannan ƙa'idoji mutum suke karewa. Babu wadda ta tuna da kifin. A gabashin Ostireliya akwai wani nau'in shak mai ruwan toka, haƙoransa cako-cako a waje, kallo ɗaya za ka yi masa ka ce mugu ne. Alhali kuwa salihi ne, yakan taru da 'yan'uwansa a kwazazzaban ƙarƙashin ruwa yana shawagi a hankali. Wannan sanyin hali ne ya ja masa. A shekarun 1960 masu kan harsashi suka riƙa bin su har maɓoyarsu suna kashewa, ba don ci ba, sai don suna da ɗaukar hoto, jama'a na tafa musu a matsayin masu tsabtace teku. Ita kuwa macen wannan kifi 'ya'ya biyu kacal take haifa, shi ma sai bayan shekara biyu. Ɓarnar wuni guda sai ta ɗauki shekaru ba ta gyaru ba.

Abin mamaki, daga cikin mafarautan ne aka sami masu ja da baya. Ron Taylor, wanda ya ci gasar duniya ta farautar kifi da mashi a Tahiti a 1965, da matarsa Valerie, sun ajiye mashi sun rungumi kyamara. Valerie ta dage da kiraye-kiraye har jihar New South Wales, inda birnin Sidni yake, ta haramta kashe wannan kifi a 1984, abin da ya sa ya zama shak na farko a duniya da doka ta ba kariya. Shi ma Rodney Fox, mai tabon ɗinki 462, ya koma mai fafutukar kare irin kifin da ya cije shi.

Sai dai dokar ta zo a makare. Sama da shekara arba'in ke nan da kafa ta, amma har yanzu hukumomin Ostireliya suna lissafa wannan kifi na gaɓar gabas cikin halittun da ke dab da ƙarewa.