Takunkumin Jarumi da Idon Jama'a: Nazari kan Fargabar Shiga Mutane a Mubi

Cikin abubuwan da matasan Mubi ke ɗauka a shagunan tura fim a waya, ban da na Kannywood da fassarar Indiya irin ta Algaita, akwai finafinan jaruman nan masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam: Spider-Man, Superman, Iron Man, da ɗan'uwansu na Indiya, Krrish. Manazarta irin su Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun daɗe da nuna cewa mai kallo a Arewa ba ya haɗiye fim ɗin waje yadda aka aiko shi, yakan auna shi ne da ma'aunin rayuwarsa. A kan wannan ginshiƙi nake son duba wata larura da ba a cika ambatarta a asibitocinmu ba, wato matsananciyar fargabar shiga mutane. Hujjata ita ce waɗannan finafinai sun gano abin da ke tayar da larurar, wato idon jama'a, amma maganin da suke tallatawa, takunkumin rufe fuska, shi ne ainihin abin da ke raya ta. A Mubi kuwa al'ada da tarihin baya-bayan nan sun tanadar wa mai larurar takunkumi har biyu, ba tare da ya nema ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa ba su daɗe da ware ta ba. Isaac Marks da Michael Gelder ne suka bambanta ta da sauran nau'o'in tsoro a Ingila a 1966, ta kuma shiga kundin cututtuka na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka a 1980. Bugun 2013 na kundin ya gindaya sharuɗɗa: mutum ya riƙa jin tsoro mai tsanani a duk inda za a iya sa masa ido, yana zaton zai yi abin da za a raina shi, tsoron ya zarce haɗarin da ke akwai, ya kai wata shida ko fiye, ya kuma hana shi karatu, sana'a ko zumunci. Galibi tana farawa ne wajen shekara 13, lokacin da yaro ya fara damuwa da yadda tsaransa ke kallonsa.

Takunkumi na farko shi ne kunya. Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a lardin Adamawa kuma ya rubuta tarihinsa a 1958, ya lissafa kunya cikin siffofin mutumin kirki a nazarinsa na 1974. A wajen Fulani ma, waɗanda sarautar Mubi ke hannunsu, semteende, wato kunya, ginshiƙi ne na pulaaku, ɗabi'ar Fulani. Yaron da ba ya ɗaga ido gaban manya, yarinyar da ba a jin muryarta, yabo suke sha: ai wance akwai kunya, ai wane ba ruwansa. Sai dai kunya tana da ƙa'ida. An san wanda ake jin kunyarsa, an san inda take ƙarewa. Amaryar da ta kasa cin abinci gaban uwar mijinta ita ce za ka ji shewarta cikin ƙawayenta bayan an jima. Mai larurar fargaba ba shi da wannan hutun. Tsaransa ma tsoronsu yake ji, mai shago ma haka, kuma shirunsa ba girmamawa ba ne, azaba ce: gumi, rawar murya, bugun ƙirji, bushewar maƙogwaro. Daga waje kamarsu ɗaya, shi ya sa ake saka wa na biyun albarka maimakon a tambaye shi abin da ke damunsa.

Alƙaluman Nijeriya ma sun nuna alamar wannan ɓuya. Babban binciken da Oye Gureje ya jagoranta a farkon shekarun 2000 ya sami larurar a ƙasa da kashi 1 cikin 100 na manya, alhali a Amurka an ƙiyasta kusan kashi 12 cikin 100 kan yi fama da ita a tsawon rayuwa. Amma da Bella da Omigbodun suka binciki ɗaliban jami'a a Ibadan, sakamakon da suka wallafa a 2009 ya haura kashi 9 cikin 100. Ba na jin jami'a ce ke haifar da ciwon. Abin da ya fi kama hankali shi ne, a gida shiru ba ya jawo asara, don haka ba a ƙirga shi ciwo. Sai an zo inda dole a miƙe a yi magana ake gane wanda ba zai iya ba. Mubi gari ne na ɗalibai, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002. Duk malamin da ya taɓa zama a kwamitin kare kundin kammala karatu ya san ɗalibin da rubutunsa ya fi na kowa, amma da ya tsaya gaban allo sai harshe ya ɗaure.

A nan ne finafinan suke da amfani. A cikin Spider-Man: Into the Spider-Verse na 2018, Miles Morales ya shiga sabuwar makaranta inda bai san kowa ba. Washegarin da gizo-gizo ya cije shi, yana tafe a barandar makaranta, wandonsa ya ɗage, gumi na karyo masa, tunaninsa na fitowa rubuce a kan allon kallo da manyan baƙaƙe, yana ganin kamar kowa ya san halin da yake ciki. Ban san wani littafin koyarwa da ya zana abin da David Clark da Adrian Wells suka bayyana a 1995 fiye da wannan fitowa ba. A ra'ayinsu, da zarar mai larurar ya shiga mutane sai hankalinsa ya bar su ya koma kan kansa. Yana jin zafi a fuska, sai ya yanke cewa kowa na ganin zafin. Abin da yake ji a ciki shi yake ɗauka a matsayin abin da ake gani a waje. Thomas Gilovich da abokan aikinsa sun gwada wannan a jami'ar Cornell, suka wallafa a 2000: an sa ɗalibai riga mai hoton mawaƙin da matasa ke jin nauyin a gan su da shi, aka tura su ɗaki cike da tsaransu. Sun zaci kusan rabin mutanen sun lura, ashe waɗanda suka lura ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kuma ba banza ba, ɗaya daga cikin baiwar Miles ita ce ɓacewa daga gani, wadda da farko ba ta zuwa masa sai ya tsorata.

Abubuwan da ke kunna wannan wuta a wajenmu sanannu ne: a tura saurayi limanci a sallar da ake bayyana karatu, a ce yarinya ta karanta nassi gaban ikilisiya, a je gaisuwar surukai, a shiga ciniki a kasuwar shanu inda dillalai ke magana da ƙarfi. Amma akwai wanda ya keɓanta da gari irin Mubi, wato harshe. Yaron da ya tashi da Gude, Nzanyi, Fali ko Kamwe a gida, yana Hausa a titi, yana jin Fulatanci a kasuwa, sannan a ce ya amsa tambaya da Turanci a aji. Kowane ɗaya fage ne na kuskure. Hausar Adamawa ba ta cika tsananta bambanta namiji da mace ba, kuma ɗalibin da ya zo daga Kano ko Katsina ba ya rasa abin tsokana a kai. Ga mafi yawan yara wasa ne. Ga wanda zuciyarsa ta riga ta karkata, dariya ɗaya a aji biyu na sakandare kan iya rufe masa baki har ya gama makaranta. Yanzu kuma ga waya, kuskuren da a da yake mutuwa a aji yana iya kwana yana yawo a WhatsApp.

Game da tushen karkatar, Krrish na 2006 ya fi finafinan Amurka kusa da gidajenmu. Kakar Krishna, jarumin fim ɗin, saboda tsoron abin da ya sami ɗanta, ta ɗauke jikan zuwa ƙauyen kan duwatsu, ta raba shi da makaranta da jama'a, kuma ba ta bar shi ya tafi Singafo ba sai da ya yi alkawarin ɓoye baiwarsa. Jerome Kagan na jami'ar Harvard ya nuna cewa wasu jarirai da ɗari-ɗarin baƙon abu ake haihuwarsu, amma ba dukansu ke girma da larura ba. Cikin abubuwan da bincike ya danganta da ɗorewarta akwai tarbiyyar killacewa, inda uwa ko kaka ke amsa wa yaro tambaya, tana hana a aike shi, tana cewa a ƙyale shi ba ya son mutane. So ne, amma son da ke hana yaro gano cewa mutane ba sa cizo.

Daga nan finafinan suka kauce. Peter Parker, wato Spider-Man, ba ya iya haɗa jimla biyu gaban Mary Jane, amma da ya ja takunkumi sai ya zama sarkin barkwanci. Tun 1938 da Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da Clark Kent, wato Superman, ake maimaita wannan tsari. David Clark da Wells suna kiran irin wannan dabarun kare kai: zama a layin baya, haddace abin da za a faɗa, sunkuyar da kai, riƙe waya kamar ana duba saƙo. Illarsu ita ce, idan taro ya watse lafiya, mutum ba ya cewa ashe ba abin tsoro. Cewa yake dabarata ce ta cece ni. Tsoron bai taɓa fuskantar gwaji ba, don haka ba ya raguwa. Mafi muni shi ne takunkumin da ake haɗiya. Tun kafin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, an san samarin da ba sa zuwa zance ko hawa mumbarin taro sai sun sha wani abu, tiramol ko makamancinsa, wai don ya cire musu kunya. Ba duk mai shaye-shaye ne ke da wannan larura ba, amma mai ba da shawara da bai tambayi dalilin ƙwayar farko ba ya bar rabin aikin.

Takunkumi na biyu tarihi ne ya ɗinka shi. A Oktoban 2012 an kashe ɗalibai a unguwar Wuro Patuji. A ranar 1 ga Yunin 2014 bam ya tashi a filin ƙwallo a Kabang. A ƙarshen Oktoban wannan shekara Boko Haram ta kama garin ta sauya masa suna, sai a Nuwamba aka ƙwato shi. A ranar 21 ga Nuwamban 2017 an kai hari masallaci a Unguwar Shuwa lokacin sallar asuba, mutum 50 aƙalla suka rasu, sannan aka sake kai wani a masallaci da kasuwa ranar 1 ga Mayun 2018. Wanda ya ce ba ya son taro a Mubi, ba mai tambayarsa dalili. Amma tsoro biyu ne daban. A Iron Man 3 na 2013, Tony Stark, mutumin da ba ya gajiya da kyamara, yana zaune a gidan abinci wani yaro ya tambaye shi yaƙin New York, nan take numfashinsa ya sarƙe ya ruga cikin sulkensa. Ba raini yake tsoro ba, abin da ya gani ne ke dawo masa. Wannan ciwon firgici ne na bayan bala'i. Mai shi yana duban ƙofa da jakar baƙo. Mai fargabar jama'a yana duban fuskokin waɗanda ya sani. Na farko zai fi samun natsuwa a ɗaki da mutum biyar da ya yarda da su, na biyu kuwa mutum biyar ɗin da za su saurare shi sun fi masa kasuwa tashin hankali. Suna iya haɗuwa a mutum ɗaya, musamman yaran da gudun hijira ya yanke wa makaranta suka dawo aji da ƙannensu, amma hanyar jinyarsu ba ɗaya ba ce.

Akwai ƙorafin da ya cancanci a saurara. Christopher Lane ya yi littafi a 2007 yana zargin cewa an mayar da kunya ciwo don a sayar da magani, yana nuni da gagarumin tallan maganin Paxil bayan hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan larura a 1999. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na goyon bayan a bi 'ya'yan mutane masu kawaici da takardar gwaji. Amma Japanawa, waɗanda ba su gaza mu kunya ba, sun siffanta nasu nau'in ciwon tun zamanin likita Shoma Morita, kafin a san Paxil. Ma'aunin ba yawan shiru ba ne. A tambayi mutum ko akwai abin da yake so ya yi, ya kuma iya, amma tsoron ido ya hana shi shekara da shekaru.

Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne jinya ta hanyar tattaunawa da gwaji, wadda hukumar tsara jinya ta Birtaniya ta sa a gaba da ƙwayoyi a jagoranta na 2013. Mutum ya shiga abin da yake tsoro mataki-mataki, ya ajiye dabarun kare kansa da gangan, ya mayar da hankali kan mutanen maimakon kansa, wani lokaci a ɗauke shi bidiyo ya ga cewa rawar da ya ji ba ta fito ba. Hausawa sun riga sun ce, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Sam Raimi ya kusa kai wa nan a Spider-Man 2 na 2004, inda Peter ya tsayar da jirgin ƙasa fuskarsa a buɗe, ya farfaɗo ya tarar fasinjoji na kallonsa da tausayi, ba wanda ya yi dariya. Sai dai a ƙarshen fitowar yara biyu suka miƙo masa takunkumin ya mayar, domin kamfanin da ya shirya shi na da fim na uku a gaba.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma likitocin fannin a faɗin Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne, kuma mai neman ƙwararre daga Mubi galibi sai ya kama hanyar Yola ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri, tafiyar da mai tsoron yi wa baƙo bayani zai fi kowa jinkirta ta. Saboda haka nauyin farko yana kan malaman makaranta. Ɗalibin da ya daskare gaban allo, ba a yafe masa gabatarwa, ba a kuma tsayar da shi gaban mutum ɗari a ranar farko. A fara da shi gaban mutum uku, mako mai zuwa goma, a hana dariyar lafazi a aji, sannan bayan ya zauna a tambayi abokansa, a gabansa, abin da suka lura da shi.