Daga dandali zuwa hostal: wa ke rainon saurayin ƙasar Guddiri?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a hostal da teburin mai shayi. Duk sanda aka ce wani ɗan aji ɗaya ya lalace, ya daina shiga lakca ko an gan shi da kwalba, sai mu rabu gida biyu. Wasu su ce ai daga gida ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wasu su ce a'a, yaron kirki ne, zama da maɗaukin kanwa ne ya kawo masa farin kai. Turawa ma sun sha wannan gardamar. A 1998 wata Ba'amurkiya, Judith Rich Harris, ta fitar da littafi mai suna The Nurture Assumption, inda ta ce tasirin tsara a kan halin yaro ya fi yadda ake zato, na iyaye kuma bai kai yadda ake kururutawa ba. Aka yi ta ce-ce-ku-ce a kai.

Ni abin da karatun digiri na biyu da hirar dattawan garinmu suka nuna mini shi ne, a wajenmu raba gida da abokai sabon abu ne. A da igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ina magana ne a kan Udubo, cikin ƙaramar hukumar Gamawa, a ƙasar Katagum da Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, inda Fulani da Barebari da Hausawa suka cakuɗa har auratayya ta sa ba ka iya ware su. Amma na san ɗan Misau ko Haɗeja ko Potiskum zai ga garinsu a ciki.

Mu fara da kunya. Duk wanda yake ɗan fari ya san ta. Uwa ba ta kiran sunanka, uba ba ya wasa da kai, a gaban mutane sai su yi kamar ba su suka haife ka ba. A gidajen Fulani abin ya fi tsanani, su suna ce mata semteende, kuma tana cikin ginshiƙan pulaaku. Ni ɗan fari ne. Har yau mahaifiyata “wannan yaron” take ce mini, ga ni da gemu. Wanda bai san al'adar ba zai ce rashin ƙauna ne, alhali mu mun san wadda take ɓoye mana nama a ƙasan tuwo.

To amma abin da muke mantawa shi ne, al'adar da ta nisanta yaro da iyayensa ta biya shi diyya. Ta ba shi kaka, wadda za ta kira shi mijinta, ta zage shi ya rama, ya gaya mata abin da ko a mafarki ba zai gaya wa ubansa ba. Ta ba shi kawu, wanda ake gudu wajensa in an yi laifi. Ta ba shi gwaggo mai faɗa a ji, da taubasai, 'ya'yan kawu da na gwaggo, waɗanda tsakaninku babu kunya sai tsiya da barkwanci. Har ƙabila sukutum an ba shi ta wasa, kowa ya san yadda Bafulatani da Babarbare suke in sun haɗu a kasuwar Gamawa. Sannan ga riƙo. Da yawa daga cikin 'ya'yan fari ba a ɗakin uwarsu suka tashi ba, bayan yaye kaka ko gwaggo ce take ɗauke su.

Wanda yake son ganin wannan tsari a rubuce ya nemi littafin Baba of Karo. Wata tsohuwa ce, Baba, 'yar asalin Barebari, da ta zauna da Mary Smith a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta ba ta labarin rayuwarta, aka buga a 1954. Baba ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ba ta rasa 'ya'ya ba, dangi sun ba ta riƙo ta raina har ta aurar. A bakinta za ka ji yadda ƙawance yake a wajen 'yan mata: ba haɗuwa ce kawai ba, ƙulla shi ake yi da kyauta da ramuwa, ƙawarka ita ce a gefenka ranar lalle, ita ce ranar suna. Na karanta wa kakata wasu wurare ina fassara mata, sai ta ce, to wannan me ya sa sai da Bature ya rubuta kuka yarda?

Shi kuma uba, maganarsa da ɗa a gona take. Wannan shi ne gandu. Saurayi yana noma gonar gida tare da ubansa da 'yan uwansa, uban yana ciyar da shi, ya biya masa haraji, ya yi masa auren fari, ya kuma yanka masa gayauna da zai noma wa kansa. Polly Hill ta yi bayanin wannan dalla-dalla a littafinta Rural Hausa na 1972, a kan Batagarawa kusa da Katsina. Abin lura a nan, yaro ɗan shekara goma sha biyar ya san matsayinsa, ya san abin da ake jira daga gare shi, ya san abin da zai samu da kuma yaushe. Ba sai an zaunar da shi an yi masa nasiha ba. Uban da ba zai iya ce maka “na yaba” ba, zai ƙara maka faɗin gayauna, kai kuma ka gane.

Yanzu tsara. A nan ne nake ganin muka fi yin asara, kuma a nan ne muka fi rashin sani. Yaran da aka yi wa kaciya tare, suka yi jinya a rumfa ɗaya, suka yi tashe tare, su ne za su tashi a matsayin samarin unguwa. Suna da sarkin samari, kuma sarauta ce ta gaske, mai gari ya san da ita. Shi ke kiran gayya in za a nome wa wani tsoho gona ko gonar surukan ɗayansu. Shi ke tsara wasa a dandali daren farin wata, da kalangu da kokawa. Wanda ya ƙi fitowa gayya ko ya yi wa yarinya rashin mutunci, tara za a ci shi, in ya yi taurin kai a ƙaurace masa, ranar aurensa ya ga wanda zai zo. 'Yan mata su ma suna da tasu shugabar. Wato abokan da muke tsoro yau, a da hukuma ce, kuma hukumar tana da wanda take amsa wa.

Kada wani ya ce ina kuka da zamani. Wancan tsarin yana da nasa zaluncin. Yarinya 'yar sha uku ko sha huɗu ake kai ta ɗaki, sau da yawa ba da wanda take so ba, ita budurcinta gaba ɗaya bai fi damina biyu ko uku ba. Riƙo ma ba kullum yake daɗi ba, akwai marayun da suka sha wuya a hannun dangi, shiru kawai aka yi. Bulala kuwa ba a magana. Abin da nake cewa kawai, akwai mutane da yawa a kewaye da yaro, kowa da ƙofarsa.

Masana halayyar ɗan Adam sun gano wani abu da ya sa na ƙara girmama gayya. A 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg na Jami'ar Temple a Amurka sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, wani lokaci su kaɗai, wani lokaci abokansu na kallo. Manya ba su canza sosai ba. Amma 'yan shekara 13 zuwa 16, da zarar tsara suna kallo, gangancinsu ya ninka. Binciken da ya biyo baya ya nuna ba sai an zuga su ba, idon kawai ya isa. An kuma san ɓangaren ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai an haura shekara ashirin. Kakanninmu ba su da kwamfuta, amma sun san saurayi sai ya nuna kansa a gaban sa'o'insa, ko ana so ko ba a so. Sai suka ba shi fage: kunyar gero a gayya, ga makaɗi yana kiran sunansa, ga 'yan mata sun kawo ruwa. Fulani suka ba shi sharo.

Rushewar ba rana ɗaya ta faru ba. A 1916 aka dawo da fadar Katagum zuwa Azare, mulki da kasuwa da boko suka tattaru a can. Makarantar kwana ta zo da wata irin tsara da ba a taɓa gani ba, yara daga garuruwa daban-daban, babu kaka babu kawu, sai siniya da ƙararrawa. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ita ce uwar wannan tsari. Ahmadu Bello ya yi ta daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933, kuma zumuncin ɗakin kwanan nan ne daga baya ya riƙe gwamnatin Arewa. Amma su 'yan kaɗan ne, an zaɓo su, malamai suna kansu dare da rana, aiki yana jiransu.

Guguwar ta taso ne a shekarun 1970. Farin 1973 ya kori magidanta da samari zuwa ci-rani, kuɗin mai ya sa birni ya fi gona daɗi. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiri jihar Bauchi, gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, firamare ta shiga ƙauyukan da ba ta taɓa zuwa ba. Alheri ne, ni kaina cin gajiyarsa ne ya kawo ni nan. Sai dai yaron da ke aji ba ya gandu, uban da gonarsa ta rarrabu wajen gado ba shi da gayaunar bayarwa. SAP ta 1986 ta zo ta karya darajar takardar da aka bar gona dominta. Tsangaya ma, wadda a da malam yake noma da almajiransa a karkara, ta koma birni da bara. Hannah Hoechner, wadda ta zauna da almajirai a Kano ta fitar da littafi a 2018, ta nuna yadda yaran suke zame wa juna iyaye, babba ya kula da ƙarami, su raba ɗan abin da suka samo. Wa'azi kuma ya rufe dandali a garuruwa da yawa, saboda dalilan da ake iya fahimta, amma ba a gina wani abu a gurbinsa ba.

Sakamakon shi ne samartaka ta yi tsawo. Abin da a da yake shekara biyar ko shida tsakanin balaga da aure, yanzu ya kai goma sha biyar. Ga ni nan ina dosar talatin, a gida har yanzu yaro ne. Duk tsawon wannan lokaci majalisa ce uwa, ita ce uba. Kuma majalisa ba ta da sarkin da mai unguwa ya sani. In kun lura da Sara-Suka a Bauchi ko Kalare a Gombe ko daba a Kano, akwai shugaba, akwai biyayya, akwai hukunci ga wanda ya saɓa, akwai fagen nuna bajinta. Ƙashin bayan ƙungiyar samari ne sak, an cire dattawa an sa ɗan siyasa. Lokacin da BBC ta fitar da bincikenta a kan kodin a 2018, har gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tarin da shigo da shi a watan Mayu, mutane sun yi ta tambaya ina iyayen yaran suke. Suna nan. Da yawansu a gida ɗaya suke kwana da yaran.

Domin abu ɗaya da bai rushe ba shi ne kunyar. Ita ta tsallake fari da SAP da zuwan wayar salula a 2001, lafiya lau. Kaka tana ƙauye ko ta rasu, kawu yana Abuja ba ya ɗaga waya, taubasai sai a hoton biki, amma uba yana nan yadda kakansa yake, ba a haɗa ido. Ku saurari wayar ɗan aji ɗaya da gida. “Ina wuni Baba. Lafiya lau. Karatu alhamdu lillahi. Garin ya ƙare.” Minti ɗaya da rabi. Yaron nan ko ya faɗi kwas uku, ko wata biyu ba ya barci, ko wadda yake so ta yi aure, lafiya lau ɗin nan ita ce za ta je gida. 'Yan mata sun ɗan fi mu sa'a, da yawa suna iya magana da uwa ko yaya, amma ita ma in abin ya shafi saurayi ko malamin da ya matsa mata, sai dai ƙawa.

Erik Erikson, a littafinsa na 1968, ya ce babban aikin wannan shekaru shi ne mutum ya san shi wane ne, kuma a idon mutane yake gano hakan. Yau yaro daga Udubo ko Gololo yana iya shiga jami'a yana ɗan sha bakwai, ga ta Gaɗau da aka kafa a 2011, ga kwalejin ilimi ta Aminu Saleh a Azare, ga Bauchi da Kano da Maiduguri. Idon da zai fara samu shi ne na mutum shida da aka haɗa su ɗaki, ba wanda ya zaɓe su, ba wanda zai tambaye su.

Mafi kusa da sarkin samari da ya rage mana shi ne ƙungiyoyin ɗaliban gari da na ƙaramar hukuma, sai MSS. Na yi shekaru a cikin irinsu, na ga inda suka yi rana: karo-karon kuɗin rajista, kai mara lafiya asibiti, raka gawa gida. Na kuma ga inda shekara take ƙarewa ba a yi komai ba sai zaɓe da kalanda da neman ganin ɗan majalisa. Ba kasafai shugaban ƙungiya yake da sunayen 'yan aji ɗaya na garinsu da lambar ɗakinsu ba, alhali wancan na dandali ya san wanda bai fito gayya ba tun kafin rana ta take.

A yajin aikin 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur mafi yawanmu muna gida. Damina guda ta zo ta wuce a ciki. A unguwarmu na ƙirga majalisa huɗu, kowace da bencinta da butar shayinta da wanda ke sayen data a kalli ƙwallo. Gonar wani tsoho maƙwabcinmu da ciwon ƙafa ya kwantar, 'yan ƙwadago aka ɗauko daga wani ƙauye suka nome ta, ɗansa da ke Legas ya turo kuɗin ta waya.