Mutumin da Ya Ɗora Hoton Matarsa a Kan Kuɗin Jamus

A filinmu na tarihi yau za mu leƙa Jamus. Mukan karɓi kuɗi mu kashe ba tare da mun tambayi wanda ya zana hoton da ke jiki ba. To, ga labarin ɗaya daga cikin irin waɗannan masu zane, Richard Martin Werner.

An haife shi a 1903 a garin Offenbach, kusa da Frankfurt, sana'arsa kuwa sassaƙa ce. Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, Jamus ta zama kufai, kuɗinta na da kuma ya lalace har mutane suka koma cinikin ba-ni-in-ba-ka da taba sigari. A ranar 20 ga Yuni, 1948, aka fito da sabon kuɗi a yammacin ƙasar, wato Deutsche Mark. Daga nan sai aka nemi zanen da za a buga a kan sababbin kwandaloli, wanda zai nuna ƙasa tana farfaɗowa.

Werner bai kawo hoton sarki ko soja ba. Ya zana wata mata da ɗankwali, ta durƙusa tana dasa 'yar bishiyar oak. Dalili kuwa, yaƙi ya ci dazuzzukan Jamus, sannan Ingila da Faransa sun sare itatuwa masu yawa a yankunan da suka mamaye a matsayin diyya. Maza da dama sun mutu, wasu suna tsare, don haka mata ne suka ɗauki nauyin sake dashen, suna wuni a durƙushe a kan lada kaɗan. Su ne Werner ya karrama.

Zanensa ne aka zaɓa don kwandalar fenig 50, wato rabin Mark, aka fara buga ta a 1949. A cikin shekarar ce kuma ya rasu yana da shekara 46, bai ga yadda aikinsa ya shiga kowane aljihu ba. Bugun farko yana ɗauke da sunan babban bankin wancan lokaci, daga 1950 aka sauya zuwa sunan Tarayyar Jamus. Sai dai gidan buga kuɗi na Karlsruhe ya yi kuskuren buga guda 30,000 da tsohon rubutun a 1950, su ne masu tara tsofaffin kuɗi ke nema ido rufe a yau.

Matar da ke jikin kwandalar ita ce mai ɗakinsa, Gerda Johanna Werner, mai zane kuma malamar zane. Kusan shekara 40 Jamusawa suna cefane da hotonta, galibinsu ba su san ko wace ce ba, sai a ƙarshen shekarun 1980 sunanta ya bazu. Ta rasu a 2004 a Oberursel.

Kwandalar ta yi aiki har zuwan kuɗin yuro a 2002, amma bishiyar ba ta tafi ba. Rolf Lederbogen, wanda shi ma ya zana kan sarki, ya sa reshen oak a kan santi 1, 2 da 5 na Jamus. Duk wanda a cikinmu irin wannan canji ya shigo hannunsa, sai ya juya bayansa ya duba.